Yadda Lauya Dudek Ya Rufa wa Kansa Asiri

A unguwarmu ta arewacin Toledo babu wanda bai san Vernon Dudek ba, kuma babu mai kiransa da sunan yanka sai matarsa. Kowa Lauya yake ce masa. Ba wai ya taɓa leƙa makarantar koyon shari'a ba ne. Gadin ƙofar kotu ya yi har ya yi ritaya, aikinsa kuwa bai wuce ya ce wa mutane su cire bel da makullai su zuba a faranti ba. Amma ka ji shi a shagon aski, sai ka rantse da shi aka rubuta tsarin mulki. Yakan ce alƙalai nawa ne suka wuce ta gabansa suna riƙe da wando, don haka babu dokar da za ta yi masa kwarjini.

Bayan bakinsa, abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne jirgin kamun kifinsa, fari mai ratsin ja, wanda ke kwance a kan tirela a gefen gida an lulluɓe shi da tampol. Ya gaya wa matarsa Loretta cewa wani tsohon alƙali ne ya ba shi kyauta lokacin da zai koma Florida, saboda shawarwarin da ya riƙa ba shi a kan manyan shari'o'i. Gaskiyar magana kuwa bashi ya ci ya saya, kuma ya daɗe da daina biya.

To ga inda gizo ke saƙar. Can baya Vernon ya taɓa cin wani bashi a ɓoye, har gidansu ya kusa salwanta, sai da Loretta ta haɗa aiki biyu sannan suka tsira. Ranar da aka gama biya ta zaunar da shi a kicin, ta ce masa talauci ba ya ba ta tsoro, ƙarya ce ba za ta iya kwana da ita a ɗaki ɗaya ba. In ya sake, za ta tattara kayanta ta koma wurin ƙanwarta a Dayton. Loretta ba ta faɗin magana sau biyu, kuma Vernon, duk cika bakinsa, ya san in babu ita ko inda safarsa take bai sani ba. Yana sonta, yana kuma tsoronta, kusan daidai wa daida.

Da bashin ya kwana ya tashi, sai aka miƙa shi ga wani kamfanin karɓar bashi. Wata mata mai suna Yolanda ta kira shi a wayar hannu, da muryarta mai sanyi, ta tabbatar shi ne, ta faɗa masa abin da ake binsa, ta ce in yana so za a sassauta masa biyan. Mai hankali da ya ce a sassauta. Vernon kuwa sai ya kashe waya, ya gyara hula, ya nufi shagon Otis Mabry mai aski, shagon da ya fi gidan rediyo saurin kai labari.

Ya hau kujera, ya sa Otis ya rantse zai riƙe sirri, bai damu da mutum uku da ke jiran layi a kan benci ba. Sannan ya zayyana shirinsa. Doka, in ji shi, ta ɗinke bakin masu karɓar bashi. Suna iya kiran maƙwabci su tambayi inda mutum yake, amma ba su da ikon cewa ana binsa ko sisi. Duk ranar da bakinsu ya suɓuce, sai kotu, sai diyya har dala dubu. A nan dai bai yi nisa da gaskiya ba. Inda ya saki layi shi ne lissafinsa, don a kansa kowane maƙwabci dala dubu ne, kuma layinmu dogo ne. Kafin Loretta ta ji ƙamshin maganar, shi ne zai koma bin kamfanin bashi.

Otis ya dakata da almakashi. "To Lauya, wa suka faɗa wa?"

"Ba su faɗa ba tukuna. Za su faɗa. Na san irinsu."

"Mu ɗin nan yanzu a bakin wa muka ji?"

"Wannan daban ne," in ji Vernon. "Ku shaidu ne. Shaida ba mutum ba ne a wurin doka."

Na kan benci suka ce sun gode.

Daga nan ya shiga bin gidaje yana ɗana tarko. Ya fara da Madam Odessa Pruitt, bazawarar da gidanta ke kallon nasa, wadda labulen tagarta bai taɓa rufuwa ruf ba. Ya ce mata idan wani ya kira yana tambayarsa, ta ja shi da hira har ya ambaci bashi, ta kuma naɗi muryar.

"Wane bashi?" in ji ta.

"Ba na ce miki akwai bashi ba. Na ce in an ambata."

"Ashe alƙalin Florida bai gama biya ba ya ba ka?"

"Madam Odessa, maganar nan tsakanina da ke ce. Loretta kada ta ji."

"Haba Lauya, ni da ba na shiga harkar mutane."

Kafin ya kai gida na uku, masu gidan sun fito baranda suna jiransa da tambayoyi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rantsar da su. Ya rantsar da mai kawo wasiƙu, ya rantsar da mai sayar da tayoyi a kusurwa, har kurman tsohon nan na ƙarshen layi, wanda sai da Vernon ya ɗaga murya ya maimaita masa bayanin daga tsallaken shinge. Ya koma gida yana fito, ya ce a ransa tun da aka kafa Toledo ba a taɓa tsare sirri da shaidu masu yawa haka ba.

Aka yi ta jira, ba wanda aka kira. Yolanda dai shi take kira, jefi-jefi, da rana tsaka, da ladabi, har tana yi masa fatan alheri. Wannan ladabin ya fi komai ƙona masa rai. Da ya zurfafa tunani sai ya gano matsalar: ba za su nemi maƙwabta ba muddin suna samunsa. Ashe sai ya ɓace.

Ya kashe wayar hannunsa ya jefa ta cikin akwatin ƙugiyoyi. Ya kwance lambar gida daga ƙofa, ya kankare sunan Dudek daga akwatin wasiƙu. Da Loretta ta tambaya, ya ce goge su zai yi su yi ƙyalli. Ta dube shi ta ce to. Maganin hawan jininta da ake aikowa ya koma inda ya fito. Fizar da suka yi oda don abincin dare ranar Asabar ta sauka a gidan Madam Odessa, wadda ta cinye ta tas, ta ce ta ɗauka tukuicin shaida ne.

Otis ne ya tuna masa da wayar gida, wadda ke maƙale a bangon kicin, inda Loretta ke wuni. Vernon ya yi dariya har da buga cinya.

"Su kira mana. Ko ita ta ɗauka, harshensu a ɗaure yake. Da Loretta da mai sharar titi duk ɗaya ne a wurin doka."

"Ka tabbata?"

"Otis, ka tsaya a kan gashi, ka bar mini doka."

Ana nan, ranar wata Laraba Madam Odessa ta tsallako da labari mai zafi. Ta ga wani baƙo cikin baƙar kwat, ya naɗe wuya da mayafin sanyi, yana tafiya a hankali yana duba ƙofofi, har ya tambayi mai tayoyi gidan Dudek. Bai samu ba saboda babu lamba, amma ya ce zai dawo da la'asar. Vernon ya ji kamar an yi masa albishir da gidan Aljanna. Ga mutum ya tambayi maƙwabci, saura kawai ya furta kalmar. Loretta kuwa ta tafi kasuwa, komai ya zo daidai.

Ya aika wa shaidu su zauna a barandunsu kamar masu shan iska, duk da sanyin Maris da ke yanka kunne. Shi kuma ya ɗauko wayarsa ya kunna naɗar murya, ya shige ƙarƙashin tampol ɗin jirgi ya kwanta. Ya ji wani motsi can wajen ƙafarsa, ya ɗauka kyanwar Madam Odessa ce, ya ce mata ta yi shiru ana aiki.

Baƙo ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa yana waige-waige. Vernon ya yaye tampol ya miƙe tsaye a cikin jirgi, ya nuna shi da waya.

"Faɗi! Faɗa musu nawa ake bina na jirgin nan, ga shaidu. In kai namiji ne faɗi."

Baƙon ya ja da baya, mayafinsa ya zame, farar kwalar limaman coci ta bayyana. Fada Casimir ne, sabon limamin da aka turo mana, ya zo neman Loretta a kan maganar suyar kifin Juma'a, don ita ce shugabar kicin ɗin coci. Vernon ya yi yunƙurin saukowa ya ba da haƙuri, sai ya taka jelar abin da ya ɗauka kyanwa ce. Ashe bodari ne ya yi sanyin bana a cikin jirgin, tun da ya ga ba mai amfani da shi. Dabbar ba ta tambayi wane ne lauya wane ne limami ba, ta ɗaga jela ta yi musu rabo daidai.

Shaidu suka watse, kowa ya rufe tagarsa. Fada Casimir, bawan Allah, hawaye na zuba saboda wari, ya ce zai sa Mista Dudek da bashinsa a addu'a, ya juya ya tafi da sauri irin wanda bai dace da limami ba.

Loretta ta dawo ta tarar da mijinta a bayan gida, ƙudaje ma sun ƙi shi. Ta koma kanti ta sayo ruwan tumatir na gwangwani mai yawa, wanda ake cewa yana kashe warin bodari, ta zaunar da shi a bahon roba cikin gareji, ta ɗaure hanci da tawul tana kwara masa tana dirzawa. Ya ce mata share jirgi yake yi tsautsayi ya afka. Ta ci gaba da dirza. Can ta tsaya, da gwangwani a hannu.

"Vernon, akwai abin da kake so ka faɗa mini?"

Ya dubi fuskarta, ya ga gajiya, ya ga furfurar da bashin farko ya fara sa mata, ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Sai ya tuna da Dayton, ya tuna kuma da dala dubu sau yawan gidajen layi.

"Ba komai. Ki dai ƙara a bayan kunne."

Ta ƙara masa, da ƙarfi fiye da yadda kunne ke buƙata.

Washegari ya yanke shawarar cewa tun da ba su zo ba, shi zai je musu. Ranar Juma'a duk unguwa tana zauren coci, kamar yadda aka saba a lokacin azumin coci, ana cin soyayyen kifi da dankali da kwaɗon kabeji. Shaidu a wuri ɗaya, Loretta kuma tana can kicin cikin ƙarar mai da tukwane, ko tsawa aka yi ba za ta ji ba. Za a kira kamfanin, wani ya yi kamar maƙwabci ne mai tambaya, matar ta saki baki, shi ke nan.

Ya shigo zaure da kwat ɗinsa ta zuwa kotu. Duk inda ya nufa mutane na darewa suna ba shi hanya, ya ɗauka girmamawa ce, bai san ragowar bodari ce ba. Ya tattara Otis da Madam Odessa da mai tayoyi, suka hau ɗan dandamalin da ake kiran lambobin wasan bingo, ya ja labule. Hayaniya ta yi yawa, muryar waya ba ta fita, sai ya jawo makirfon da ake kiran masu odar kifi da shi. Otis ya ce a bar na'urar nan. Vernon ya ce shi da ya yi rayuwarsa a gaban na'urar kotu, wannan wasan yara ne, zai juya ta yadda ƙaramar sifikar kan tebur kaɗai za ta yi magana. Ya murɗa wannan, ya danna wancan, ya ajiye waya a bakin makirfon.

Yolanda ta ɗauka. Otis ya yi gyaran murya ya ce shi maƙwabcin Vernon Dudek ne, yana so ya san nawa ake binsa. Ta ce ya yi haƙuri, ba ta iya tattauna al'amarin kowa da wani, ba ma za ta ce ta san mai sunan ko ba ta san shi ba. Madam Odessa ta karɓa ta ce ita yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Yolanda ta ce Allah ya bar zumunci, amsar dai ita ce.

A lokacin nan ne Otis ya lura cewa hayaniyar zaure ta mutu, ko ƙarar cokali babu. Ya taɓa kafaɗar Vernon.

"Lauya, ina ganin..."

"Kada ka katse shaida."

Haƙurin Vernon ya ƙare. Ya sunkuya ya kusa cusa baki cikin makirfon.

"Ke baiwar Allah, wane irin taurin kai ne wannan? Ni ne Vernon Dudek da kaina. Ni na ci bashin jirgi, ni na ƙi biya, ni na ce wa matata kyautar alƙali ce. Ga mutane nan, faɗa musu mana."

Ta yi masa tambayoyin tabbatarwa, ya amsa a fusace. Ta ce tana jin kamar akwai mutane a kusa da shi, ya yarda ta yi magana suna ji?

"Na yarda. Na ba ki izini. Yi magana."

"Ka ba ta izini fa," in ji Otis a hankali. "Diyyar ta tafi ke nan."

"To Mista Dudek," in ji Yolanda, "ai magana ta kusa ƙarewa. Da muka daina samunka muka kira wayar gida, matarka ta ɗauka. Ta ce za a sayar da jirgin gobe Asabar a biya."

"Kin faɗa wa matata? Kun ji ko? Ta karya doka!"

"A'a, ranka ya daɗe. Doka ta hana mu faɗa wa maƙwabta da 'yan'uwa da wurin aiki. Mata ko miji kuwa ta yarda. Ita kaɗai muka faɗa wa. A ci kifi lafiya."

Sai ga muryar kurman tsoho daga cikin zaure yana cewa yau kam ya ji komai, Allah ya yi wa mai gyaran lasifika albarka. Zaure ya kece da dariya. Madam Odessa ta yaye labule. Ga unguwa kaf a zaune, kowa da cokali a hannu ya ɗaga kai. Ga Fada Casimir a teburinsa shi kaɗai, don shi ma ana ba shi hanya. Ashe Vernon kowace sifika ya kunna, har da babbar da ke rataye a kicin, wadda aka sa musamman don masu suya su ji oda duk ƙarar mai.

Vernon ya juya ga Otis yana neman mafaka, ya tambaya wane marar imani ne zai sayi jirgin mutum a bayan idonsa. Otis ya sosa ƙeya, ya ce shi dai ya daɗe yana sha'awar ratsin jan nan, kuma ya yi ragi saboda wari.

Ƙofar kicin ta buɗe. Loretta ta fito da matsamin kifi a hannu, tana tafiya a hankali tsakanin tebura, dariya na mutuwa a duk inda ta wuce. Ta tsaya a gindin dandamali. Vernon ya sauko. Wannan karon tsoro ne na gaske ya kama shi, ya ga gidan nan babu ita, ya ji duniya ta yi masa faɗi.

"Loretta, zan yi miki bayani. A ƙarƙashin doka..."

"Rufe mini baki da doka." Ba ta ɗaga murya ba, amma makirfon na nan a kunne. "Na haɗa akwatina tun ranar da matar nan ta kira. Na ce bari in jira, ko zai faɗa mini da bakinsa. Ka faɗa wa mai aski. Ka faɗa wa mai wasiƙu. Ka hau jirgi ka faɗa wa Fada. Na wanke ka da hannuna na tambaye ka, ka ce in ƙara a bayan kunne."

"Tsoro na ji kada ki tafi," in ji shi, kuma a duk maganganun da ya yi a watan nan wannan ce kaɗai ba ta buƙatar shaida.

Ta nuna shi da matsamin.

"Ka bi gida gida kana roƙo a rufa maka asiri. Ni kaɗai ba ka roƙa ba, ni kaɗai kuma na rufa. Ni da baƙuwar da ke bin ka bashi."

Vernon ya sunkuyar da kai, ya tambaya da ƙaramar murya ko akwatin yana nan a haɗe. Ta ce yana nan, kuma zai ci gaba da zama a haɗe har ta ga ya sa hannu a takardar sayar da jirgi, ya mayar mata da lambar ƙofarta, sauran kuma sai ta ga hali. Ta kwance rigar girkin da ke ɗaure a ƙugunta ta rataya masa a wuya, a kan kwat ɗin kotu, ta nuna masa ƙofar kicin inda tukwanen mai ke jiran wanki.

Ya bi bayanta sumui-sumui. Yana gab da shiga, Madam Odessa ta sunkuya kan makirfon ta ce kada ya damu, Lauya, maganar nan tsakaninmu ce, ba mai ji.